Ranar da Na Wanke Tsingaron Ustaz

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma abin da na aikata a wani gida a unguwar Zahir, a nan Makka, a shekarun da ake rushe gidajen da ke kewaye da Harami ana faɗaɗa shi, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a ɗauke ni a makara.

Ni da mai gidana mun zo aikin hajji ne ta hanyar Sudan. Muka gama, komawa ta gagara, muka zauna. Ba mu da igama, wato takardar izinin zama, ba mu da kowace irin takarda. Muna zaune a unguwar Mansur cikin sandaga, ɗakin kwano da katako wanda da rana ta take sai ya koma tanda. Shi ga-ruwa yake yi, ya ɗebo da garwa biyu a sanda ya yi ta hawa benayen mutane. Ni kuwa mutuniyar gida ce. A bar ni da murhuna da maƙwabtan hira, shi ke nan an gama mini komai. Karatuna bai wuce na sallah ba, amma Allah ya ba ni kunne. Sandaga ba ta ɓoye magana, don haka ina zaune ina tankaɗe na tsinci Larabci ta jikin kwano. Matan lungunmu har tsokanata suke yi, wai ko ƙuda ne ya wuce zan faɗa musu na Yaman ne ko na Jawa. Ina jin daɗin wannan yabo ƙwarai, ban san shi zai kai ni ya baro ba.

Sai tari ya kama mai gidana. Da fari muka ce ƙurar rusau ce. Wata biyu, uku, mutum yana ta zubewa, har ya kai in ya ɗaga garwa sai ya dafa bango. Asibiti kuwa ba ma ko kallon hanyarsa, domin a lungunmu cewa ake yi da ka shiga za a tambayi takarda, daga nan sai mota, sai Jidda, sai jirgin ruwa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, mu dai mun yarda. Da ya kwanta gaba ɗaya, dole ta fitar da ni daga gida. Wata maƙwabciyata Basakkwata ta samo mini aikin wanki da shara a gidan wasu Misirawa a Zahir.

Tafiyar nan ban taɓa sabawa da ita ba. In fito bayan asuba, in dawo bayan la'asar, ƙasa tana ƙona ni ta cikin takalmi, in na hango askar, wato 'yan sanda, in canza lungu. In iso gida in tarar da majinyaci, in hura wuta, in wanke ƙyallayen da ya yi kaki a ciki. Akwai kwanakin da nake sallar magariba ina gyangyaɗi a tsaye.

Mutanen gidan su biyu ne, ba su da ɗa. Mijin yana koyarwa a wata kwaleji, kowa yana ce masa ustaz, matarsa kuma tana ce masa duktur. Ita mace ce mai fara'a da surutu, irin tawa, shi ya sa muka shaƙu da wuri. Ina ce mata Sitti, ita kuma ta ce mini Hagga. Ranar farko na waiga ina neman wadda ake kira.

"Ke nake nufi," in ji ta. "Ba kin yi hajji ba?"

"Sitti, Hajja ake cewa."

"Mu a Masar Hagga muke cewa."

"To ai ni ban je Masar ba, a nan na yi nawa."

Ta yi dariya har da dafa ƙirji. Daga ranar na riƙe a raina cewa Misirawa lanƙwasa baƙaƙe suke yi yadda suka ga dama, sai mutum ya miƙe musu su da kunnensa.

Akwai wani ƙaramin ɗaki da ustaz yake zama bayan azahar. Ina wucewa da tsintsiya nakan hango shi ya buɗe wani akwatin katako da aka shimfiɗa wa auduga, ya ɗauko tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, kamar tafin hannu. Ya riƙe shi da 'yan yatsu biyu kamar jinjiri, ya kara wani gilashi mai hannu, yana motsa baki, yana rubutu a littafi. Da na samu na leƙa sosai, sai na ga ashe tsingarayen cike suke da rubutun tawada baƙa, layi-layi. Ba irin rubutun allo ba ne. Na ce a raina ai manyan malamai suna da nasu baƙaƙen na hatimi da ba kowa ke iya karantawa ba.

Wata rana ina goge teburin, Sitti ta riƙe mini hannu. "La, ya Hagga, wannan ba a taɓawa. Sha'fa ce ta duktur. Daga mat-haf ta fito, amana ce."

Na ajiye tsumma, na koma kicin. Na zauna na jera maganar ɗaya bayan ɗaya. Mutum dai ustaz ne, wato malami. Kuma duktur ne, wato likita. Rubutun daga mat-haf ya fito, wannan ai mus-haf ne, wato Alƙur'ani, suka lanƙwasa kamar yadda suka lanƙwasa Hajja. Sunan abin kuma sha'fa. Na maimaita a bakina. Sha, shafa. A Larabci ma ai shifa waraka ce. Ta ko'ina na juya kalmar wuri ɗaya take kai ni: rubutun sha ne, a sha a shafa, irin wanda muka tashi da shi a gida. Hanin da ta yi mini ma sai ya ƙara tabbatar mini, domin a Makka masu wannan aikin a ɓoye suke yi, hukuma ba ta so. Malamin da ke yi mana a Mansur tuni ya naɗe allunansa don tsoro.

Mai gidana kuwa kullum maganarsa ɗaya. "Ke, da a gida muke da yanzu an yi mini rubutu na sha. Ciwon nan ba na asibiti ba ne."

Kada ku ce ban nema ba. Na nema, amma irin neman Bahaushiya. Kullum Sitti ta tambaye ni jikin mai gida, sai in kalli ƙofar ƙaramin ɗakin in ce, "Jiki dai sai a hankali. Sai dai in Allah ya haɗa mu da mai taimako." A garinmu wannan ya isa, ko kurma ya gane. Ita kuwa sai ta ce "Miskin," ta ɗebo mini lemon tsami da sukari. Sau uku ina jefa maganar, sau uku ina komawa gida da lemon tsami. In buɗe baki in roƙa kai tsaye, kunya ta hana ni, ga kuma tsoron kada su ɗauka na gano asirinsu su sallame ni.

Ranar wata Alhamis na baro mai gidana yana kakin jini. Na iso Zahir. Ustaz yana kwaleji, Sitti ta hau sama wajen wata maƙwabciyarta shan gahawa. Na shiga ɗakin da tsintsiya, sai ga tsingaro ɗaya a kan teburi, a kan audugarsa, ba a mayar da shi akwati ba. Shi ne wanda ya fi kowanne yawan rubutu.

Ban ɗauki abin sata ba, Allah ne shaidata. A wurinmu allo wankewa ake yi, malam ya sake rubutawa gobe, rubutun ai a kansa yake. Na ɗauko kwanon sha mai tsabta, na zuba ruwan zamzam da suke ajiyewa a tulu, na yi bisimilla, na sa tsingaron a ciki na murza da ɗan yatsa. Tawadar ba ta yi gardama ba ko kaɗan. Tana jin ruwa ta saki, ta bi ruwan kamar hayaƙi. Na juye a kwalba na ɓoye cikin zanena. Na tsane tsingaron da gefen mayafina, na mayar da shi kan audugarsa, fes da shi, har ina jin daɗin yadda ya yi ja. Sannan na kwance bakin zanena na ɗauko goro ɗaya da na daɗe ina ɓoyo, domin goro a Makka ba abin wasa ba ne, na ajiye a gefensa. Ba a shan rubutun malam a tashi haka nan ba sadaka.

Da yamma na tayar da mai gidana na ba shi. Ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Wannan wane irin rubutu ne? Gishiri-gishiri, ga ƙanshin ƙasa."

"Na Masar ne, Alhaji. Sha ka shafa."

"Lallai na Masar ne. Namu bai kai shi kauri ba."

Ya sha rabi, na shafa masa a ƙirji da baya. Ya samu barci, ni ma na samu. Ranar Juma'a har ya zauna ya ci tuwo loma uku. Na ce alhamdu lillahi, kunnena ya yi mini rana.

Ranar Asabar ina tura ƙofar gidan na ji shirun da ban saba ji ba. Ba rediyo, ba ƙanshin gahawa. Na tarar da Sitti a kicin, idanunta sun kumbura. Ta ja ni ciki ta rufe ƙofa, ta buɗe tafin hannunta. Gorona ne.

"Ni na fara shiga ɗakin, na ɓoye shi kafin ya gani," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Na gaya masa ni ce na goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kwana biyu bai ci abinci ba, bai yi mini magana ba. Ban san me ya sa kika yi ba, ya Hagga, kuma kada ki gaya mini. Ki yi shiru. Ni matarsa ce, zai huce. Ke ba ki da takarda. Yadda ransa yake yanzu, in ya kira askar, ke da mijinki sai jirgi."

Sai a lokacin na gane na yi ɓarna, ko da yake ban san girmanta ba. Na tsaya riƙe da murfin tukunya. Na hango mai gidana a bayan motar askar cikin wannan rana, mutumin da ba ya iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe shi. Na san ba zai kai Jidda da rai ba. Shiru shi ne hankali, kuma ita da kanta ta ba ni shi. Na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida, na share falo, na sake share falon. Ta ƙofar ƙaramin ɗakin ina hango ustaz zaune, bai aske gemu ba, tsingaron yana gabansa. Sitti ta kai masa shayi, bai ɗago ba, ya sa bayan hannu ya ture kofin. Ta dawo tana goge ido da gefen rigarta, ta yi mini murmushi wai don kada in damu.

Wannan murmushin ne ya karya ni. Na jingine tsintsiya, na cire takalmi, na shiga na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ustaz, ba Sitti ba ce. Ni ce."

Ya juyo a hankali. "Ke? Da tsumma?"

"A'a. Da zamzam."

"Da zamzam," ya maimaita, kamar wanda aka tayar daga barci. "Don me?"

"Mijina ba shi da lafiya. Na kai masa ya sha."

"Ya sha me?"

"Rubutun."

Ya miƙe tsaye, kujerar ta faɗi. Ya yi magana da ƙarfi da sauri cikin Misirancin da ko kunnena bai kama ba, sai kalmar askar da na ji sau biyu. Sitti ta shigo ta tsaya tsakanina da shi. Ni dai kaina yana ƙasa, ina ta zuba bayani, Hausa da Larabci a cakuɗe: ai ustaz ne, ai duktur ne, ai daga mus-haf ne, ai Sitti da bakinta ta ce sha'fa. Na nuna masa da hannu, sha, na kai hannu baki, shafa, na shafa ƙirji.

Ya tsaya yana kallona. Can ya ɗaga kujerar ya zauna, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Har yau ban sani ba ko dariya yake ko kuka, ina jin shi ma bai sani ba.

Da ya sauke hannu muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Ya Hagga, saurara. Shaƙ-fa. Akwai ƙaf a tsakiya, mu Misirawa haɗiye shi muke yi. Ma'anarta tsingaro. Fasasshiyar tukunya, shi ke nan." Mat-haf kuma, ya ce, ba mus-haf ba ne, gida ne a jami'arsu inda ake ajiye kayan mutanen dā. Shi kuma duktur ɗin tarihi ne, ko ciwon kai bai iya magani ba.

Ya ba ni labarin yadda aka samo tsingarayen. Wani tsohon gari ne a bakin Bahar Rum da yashi ya binne, suka yi watanni suna tono da ƙananan cebura da buroshi, suna tankaɗe ƙasa da rariya kamar masu neman tsaki. Mutanen wancan zamani takarda tana musu wuya, sai su tsinci tsingaro su yi rubutu a kai da harshen Yunanawa. An ɗauki hoton wannan, amma layukan ƙasa sun dushe ba su fito a hoto ba. Shi ya sa jami'a ta yarda ya taho da shi, ya sa hannu cewa zai karanta ya mayar yadda ya karɓa.

"Tun kafin a haifi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da ɗaruruwan shekaru tawadar nan take zaune," in ji shi. "Yashi bai ci ta ba, jirgi bai ci ta ba."

Bai ƙarasa ba, ni na ƙarasa a raina. Na ce, "Ustaz, ba za ka iya sake rubutawa ba? Ba ka haddace ba?"

"Layi huɗu na fitar. Saura biyar."

Wasiƙa ce, ya ce. Wani mutum ne da aiki ya kai shi nesa ya rubuta wa uwarsa. Ya gaishe ta, ya ce yana lafiya, ya ce saƙonta ya iso. Sannan ya fara cewa akwai abin da yake so ta sani. Daga nan ne tawadar ta dushe, kuma a nan ustaz ya yi wata uku yana fama, harafi ɗaya yau, ɗaya jibi.

Na ce, "To ka kira askar ɗin. Amma don Allah a ɗauke ni ni kaɗai, a bar shi ya mutu a ɗakinsa."

Sai ya tambaye ni yadda tarin yake, ko da jini, ko da zazzaɓin yamma. Na gaya masa. Ya ce wa matarsa ta miƙo masa rigarsa.

Da la'asar ɗin ranar ya zo har Mansur da wani abokinsa Bamisire, duktur na gaske mai jaka da abin sauraren ƙirji. Suka sunkuya suka shiga sandagarmu, duk lungu ya fito kallo. Ba wanda ya tambayi takarda. Aka ce ciwon huhu ne, aka ɗora shi kan allura da ƙwayoyi na watanni. Kafin su fita ustaz ya hango kwalbar a gefen tabarma, da sauran rabin ruwan. Ya ɗauka ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, yana kallon baƙin da ya kwanta a gindinta. Ya ajiye ta a hankali inda ya ɗauke ta, ya fita.

Da suka tafi na gaya wa mai gidana komai. Ya zaro ido.

"Ke! Rubutun mutanen jahiliyya kika ɗura mini? Astagfirullah!" Ya yi ta tofar da yawu, ya sa na ba shi ruwa ya kurkure baki. Can da ya gaji ya kwanta, sai na ji ya ce, "To shi mutumin, me yake so ya gaya wa uwar tasa?"

"Ba wanda ya sani, Alhaji."

Ya dafa cikinsa. "Yana nan ke nan."

Ya tashi daga wannan ciwo, ko da yake bai sake ɗaukar garwa ba. Ya ƙara shekara tara a duniya, kuma a Makka aka binne shi kamar yadda ya yi ta roƙo.

Ban bar aikin ba, ba su sallame ni ba. Sai dai daga ranar ƙaramin ɗakin kullum a kulle yake. Ustaz bai sake tayar da maganar ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sitti ce ta gaya mini ya rubuta wa jami'arsu cewa sakacinsa ne, shi ya bar abin a fili, bai ambaci kowa ba. Amsa ta zo cewa ya dawo da sauran da kansa. Ƙarshen shekarar karatu suka haɗa kaya. Na tambaye ta ko za su dawo, ta girgiza kai. Ta ce littafin da ya yi shekaru yana haɗawa a kan tsingarayen nan ya tsaya, kuma ba ta jin za a sake damƙa masa ko ɗaya.

Ranar tafiyarsu na riƙe mata jaka har bakin mota. Ta rungume ni muka yi kuka. Shi ya riga ya shiga, akwatin katakon yana kan cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu. Ya leƙo ya ce, "Ki gaida mai jiki, ya Hagga." Motar ta tashi. Mu da ba mu da takarda muka zauna, shi mai takarda ya tafi. Na koma Mansur a ƙafa, ban taɓa jin nisan hanyar nan kamar na ranar ba.

Shekaru na yi ina juya abin. Ban yi da mugunta ba, amma rashin mugunta bai mayar da harafi ko ɗaya kan tsingaron nan ba. Abin da ya hana ni tambaya a lokacin na kira shi kunya, daga baya na gane rabinsa girman kai ne, na wadda aka saba ce wa ta fi kowa ji. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce, "Sitti, mece ce sha'fa?" da an yi mini dariya ta minti biyu, da likita ya zo tun da wuri, da ustaz, bawan Allah, ya karanta wasiƙar nan har ƙarshe. Shi ya sa yanzu, ko jikokina ne suka faɗi kalmar da ta yi mini kama da wadda na sani, sai in dakatar da su in ce su gaya mini abin da suke nufi. Su yi ta dariya, su ce Hajja ta tsufa. Ina barinsu su yi. Dariyar da za a yi maka don ka tambaya tana wucewa kafin shayi ya huce, amma ɓarnar da ka yi don ka ɗauka ka sani, sau da yawa wani ne yake ɗaukar nauyinta har ƙarshen ransa.